Idan Wasan Kwaikwayo Ya Tashi Daga Dandalinsa



Akwai wata magana da manyan baƙi kan yi a ƙarshen taro, bayan 'yan wasan kwaikwayo sun gama, an tafa, an sha dariya har da hawaye. Babban baƙo zai karɓi makirfo ya ce wannan wasa bai kamata ya tsaya nan ba, a kai shi Birnin Kudu, a kai shi Jahun, in da hali ma a kai shi Abuja. Sai a sake tafi. Magana ce mai daɗi, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Amma duk wanda ya taɓa jagorantar 'yan wasa, da jin ta sai gabansa ya faɗi, don ya san abin da aka ɗora masa. A lissafin babban baƙo, kuɗin mota ne da na abinci. A lissafin mai aikin kuwa, sabon wasa aka ce ya shirya, da tsofaffin 'yan wasa da tsohon labari.

Dalili shi ne, abin da ɗan wasa ke haddacewa ya wuce magana. Yana haddace taku. Ƙafarsa ta san taku nawa ne daga ƙofar shigowa zuwa tabarmar da zai zauna. A ce a wasan akwai wurin da maigida zai faɗo gida ba sallama, daidai lokacin da uwargida ke zayyano laifinsa a gaban ƙawarta. Dariyar wurin gaba ɗaya ta rataya ne a kan shigowarsa ta zo daidai da kalmar da ta fi zafi. A ƙaramin ɗakin taron makaranta taku uku ne ya iso. Ka kai su babban zaure inda ƙofar take can nesa, sai ya zama taku goma sha biyu. Kafin ya iso uwargida ta gama maganarta, ta tsaya tana jira, 'yan kallo kuma sun hango shi tun daga nesa. Babu wanda ya manta maganarsa, babu wanda ya yi kuskure, amma dariyar ta mutu. Irin waɗannan wurare a wasa guda suna da yawa, kuma kowanne sai an zauna an sake auna shi.

Ga kuma murya. Zauren da aka yi wa daɓen tayil da bangon siminti yana mayar da amo, magana ta bugi bango ta dawo ta haɗu da wadda ke biye da ita, mutanen baya su riƙa jin gunji kawai. Idan zauren ya cika da jama'a, jikinsu da manyan rigunansu kan shanye wani ɓangare na amon. Shi ya sa gwajin da aka yi da rana babu kowa yakan yaudari mai shiri, da dare ya ji abin ya sha bamban. A fili kuwa matsalar akasin haka ce: babu bangon da zai riƙe murya, iska ta kwashe ta ta yi gaba. Sai a ce a kawo lasifika. To, makirfo biyu ne, 'yan wasa takwas. Nan za ka ga ana tsakiyar faɗa a wasa, mai zagi ya gama zaginsa ya miƙa wa abokin faɗansa makirfo cikin ladabi don ya rama. Kowa ya taɓa ganin wannan, kuma kowa ya yi dariya a wurin da marubucin ya so a yi jimami. Ban ma kawo zancen janareta ba, wanda in aka ajiye shi kusa ya danne maganar 'yan wasa, in aka kai shi nesa waya ta kasa.

Mu dubi wuraren da muke da su. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta samu gine-ginen taro masu kyau. Akwai zauren Sir Ahmadu Bello a sabuwar sakatariya, akwai ɗakunan lacca a Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, akwai dandalin Malam Aminu Kano Triangle na manyan taruka da fareti. Kowannensu yana yin aikin da aka gina shi dominsa, wato jawabi da lacca da gangami. Zauren jawabi an tsara shi ne don mutum ɗaya ya tsaya wuri ɗaya ya fuskanci jama'a. Dandamalinsa yakan yi faɗi amma babu zurfi, kuma galibi ba a yi masa lungunan gefe da ɗan wasa zai laɓe ya jira lokacin fitowarsa ba. Sau da yawa ma kujerun manyan baƙi suna nan a kai, 'yan wasa sai su yi wasansu a ƙasa, su juya wa talakawa baya don su fuskanci manya, ko su juya wa manya baya a ce ba su da tarbiyya. Wannan ba laifin magini ba ne. Amma mai ɗaukar wasa zuwa irin wannan wuri wajibi ne ya je da ƙafarsa tun kafin ranar, da igiyar awo a hannunsa, ya ga inda ƙofofi suke, inda soket yake, inda mata za su sauya kaya.

A ƙasashen da wasan dandamali ya zama babbar sana'a, wannan ƙaura aiki ce mai zaman kanta, da masu yin ta da kasafinta. A birnin Landan akwai wasan Agatha Christie mai suna The Mousetrap, wanda aka fara nunawa a birnin a gidan wasa na Ambassadors a watan Nuwamba na 1952. A watan Maris na 1974 aka mayar da shi gidan St Martin's, wanda ke maƙwabtaka da na farkon. An yi wasa daren Asabar a tsohon gida, aka kwashe kaya, daren Litinin aka buɗe a sabon gida, ba a fasa ko dare ɗaya ba. Har yau ana ba da labarin a matsayin bajinta, alhali kuwa tsakanin gidajen biyu taku kaɗan ne. A New York ta Amurka, wasan Hamilton ya fara ne a farkon 2015 a wani ɗaki na Public Theater mai kujeru kusan 300. Da ya karɓu aka ɗauke shi zuwa gidan Richard Rodgers mai kujeru sama da 1,300, aka buɗe a watan Agusta na shekarar. Tsakanin rufe wancan da buɗe wannan an ɗauki makonni ana gyara, an taɓa wasu waƙoƙin, an yi ta nuna shi na gwaji a gaban 'yan kallo kafin ranar buɗewa. Mutane ne masu kuɗi da kayan aiki na zamani, a cikin gari ɗaya, amma ba su yarda su sauka daga mota su hau dandamali ba. Mu da ba mu da rabin kayansu, mu ne muke isa gari da la'asar a ce wasa bayan sallar isha'i.

Sai dai gini da murya duk masu sauƙi ne idan aka kwatanta da 'yan kallo. Ɗaliban jami'a a Dutse da mutanen da suka tsaya kallo a gefen kasuwar Shuwarin ko ta Sara ba kunne ɗaya gare su ba. Ɗalibi zai zauna shiru ya jure dogon jawabi. Ɗan kasuwa kuwa in ka ja zance sai ya ba ka amsa daga inda yake tsaye, ko ya ɗauki buhunsa ya kama gabansa. Ni a ganina wannan ɗan kasuwar ya fi taimakon ɗan wasa, domin ba ya ɓoye masa gaskiya. Haka kuma barkwanci yana da gida. Tsokanar Bafulatani da Babarbare, ko ta Bakano da Bazazzagi, tana tashi ne inda aka san wasan da ke tsakaninsu, kuma aka san waye ke faɗa wa wa. Ka ɗauke ta zuwa inda ba a san dangantakar ba, ta koma cin mutunci. Wani lokaci ma suna kawai ya isa ya jawo rigima: ka raɗa wa azzalumin dagaci na cikin wasa wani suna a Dutse babu wanda ya damu, ka je wani ƙauye ka tarar sunan mai garin ke nan. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Tsofaffin 'yan wasan Najeriya sun ga wannan tun zamanin Turawa. Hubert Ogunde, wanda ya yi ta zagaya ƙasar nan da tawagarsa a mota, ya shirya wasan Bread and Bullet a kan harbin da 'yan sanda suka yi wa masu haƙar kwal a Inugu a watan Nuwamba na 1949, inda mutum 21 suka rasu. Wasan da aka kalla a kudu, da ya zo da shi Kano a farkon shekarun 1950 hukuma ta hana. Labari ɗaya ne, 'yan wasa ɗaya, amma an sauya gari an sauya masu iko. Shekaru da yawa bayan haka kuma, wasan Fela! da aka shirya a New York a kan rayuwar Fela Anikulapo Kuti, ya hau Broadway a 2009, ya je Landan a 2010, sannan a watan Afrilu na 2011 aka kawo shi Legas. A Amurka ana gabatar wa mutane da baƙo ne. A Legas kuwa 'yan wasan sun tsaya ne a gaban waɗanda suka san mutumin ido da ido, suka san tafiyarsa da muryarsa. Wannan jarrabawa ce ta daban, ko da ba a sauya kalma ɗaya ba.

To, jama'a, abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke ɗaukar wannan a matsayin ilimin Turawa, alhali wasan Bahaushe a kan tafiya aka haife shi. Ku tuna tashe. Daga goma ga watan azumi yara kan fito da daddare, su yi wasansu a ƙofar wannan gida, su ɗauke shi zuwa na gaba, su shiga zaure, su fito bakin kasuwa. A dare ɗaya wasa zai sauya dandali sau da yawa. Kuma ku lura da yadda suka tsara shi. Duk kayan wasan a jikinsu suke: gemun auduga, tsumma, sanda, gwangwani. Ba sa bukatar labule, domin da'irar da 'yan kallo suka yi ita ce iyakar dandali. Wasan yana miƙewa yana tsukewa: gidan da aka sake fuska a tsawaita, gidan da aka ɗaure fuska a gajarta a wuce. 'Yan kama da 'yan gambara ma haka suke, kasuwa zuwa kasuwa, suna karanta fuskar jama'a kafin su buɗe baki. Da wasan kwaikwayo na littafi ya shigo ta makarantun boko, irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, sai ya zo da tebur da kujera da labule da bangon kwali. Mun samu zurfin labari, ba a musu. Amma mun yi nauyi, mun koma masu bukatar a-kori-kura kafin mu motsa.

Akwai waɗanda suka gane haka da wuri. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a tsakiyar shekarun 1970, Michael Etherton da abokan aikinsa ba su nemi a gina musu zaure irin na Landan ba. Wani mai zanen gine-gine Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya tsara musu gidan wasa na ginin ƙasa, ɗakuna zagayayyu irin zaurukanmu da katanga ta haɗe su, da fili a tsakiya, yadda za a iya sauya wurin 'yan wasa da na 'yan kallo gwargwadon bukatar kowane wasa. Ɗalibin da ya koyi wasa a irin wannan wuri ba ya rikicewa in aka kai shi ƙofar fada ko gindin bishiya. Daga nan ne suka riƙa fita ƙauyuka: Wasan Manoma a yankin Soba a 1977, lokacin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo, sannan Wasan Maska, da wanda suka yi a Bomo. Darasin da suka koyo a waɗannan fitoci ya fi na ɗaukar kaya. Sun ga cewa wasan da aka dafa a jami'a aka kai wa manomi, sau da yawa amsar tambayar da bai yi ba ce. Sai suka koma zuwa su zauna da mutanen gari tukuna, su ji damuwarsu, a gina wasan tare da su. Malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun daɗe a kan wannan hanya.

'Yan uwanmu na Nijar su ma sun yi nisa. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a 1974, an farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, aka kafa bikin matasa na ƙasa da ake kaiwa manyan garuruwa bi da bi. Ƙungiya sai ta yi nasara a garinsu, ta yi a jiharsu, kafin ta kai matakin ƙasa, ma'ana wasa ɗaya zai hau dandali iri-iri kafin ya ga alƙalan ƙarshe. Fitattun 'yan wasan Damagaram irin su Yazi Dogo sun yi suna ne da salon da ba ya dogara ga haddar kalma bayan kalma. An san ƙashin labari, an san inda kowace fitowa za ta fara da inda za ta tsaya, sauran kuwa bakin ɗan wasa ne da abin da ya gani a fuskar jama'a. Irin wannan wasa in ka sauya masa gari ba ya karyewa.

A wajenmu abin ya bi wata hanya. Ƙungiyoyin wasa na Kano, irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jan Zaki, daga dandamali suka fara, suka shiga talabijin, sannan a 1990 Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Kaset ba ya cin abinci a hanya, ba ya neman masauki, mahaifinsa ba ya cewa a dawo da shi kafin magariba. A cinikance babu yadda motar 'yan wasa ashirin za ta yi gasa da shi, balle yanzu da fim ke cikin wayar kowa. Saboda haka wasan dandamali ya koma hannun makarantu da hukumomin al'adu da ƙungiyoyin wayar da kai, ana tuna shi ranar biki. Sanin yadda ake tafiya da wasa ya yi ƙaranci saboda an daina tafiyar. Sai in bikin al'adu na ƙasa, NAFEST, ya zo, kamar wanda aka yi a Jos a 2020 ko na Legas a 2022, a tara tawagar jiha a yi doguwar tafiya, su hau dandamalin da ba su taɓa takawa ba, ƙarƙashin fitilun da ke kashe ido, ga alƙalai riƙe da agogo.

Mutanen Dutse sun san dashen dabino. In za ka raba ɗa da uwarsa, sai ka rage masa ganye, ka haƙa ramin tun kafin ka ciro shi, ka yi ta ba shi ruwa har ya kama. Wasa ma sai an rage masa ganye kafin ya tashi. Bangon kwalin nan da aka zana gidan sama a jiki, a bar shi a gida, tabarma da buta sun isa su gaya wa Bahaushe cewa tsakar gida ake. Fitowar da ke bukatar duhu, a sake mata dabara in a fili za a yi da rana. Jama'ar gari su goma sha biyar da ke cikin wasan, a tafi da biyar, a nemi sauran a makarantar garin da za a je; ka rage kuɗin mota, kuma iyayensu za su zo kallo.

Ramin da za a haƙa kuwa shi ne yini guda na gwaji a sabon wuri. Wannan yini shi ne abin da ba a taɓa son biya. Mai rattaba hannu a kan kasafi yana gane kuɗin mai, yana gane kuɗin hayar kujeru da rumfa, har da na ruwan roba na manyan baƙi. Da ya ga an rubuta kwana ɗaya na ƙari don gwaji, sai ya ja masa layi, ya ce ai sun riga sun iya. Sun iya a can ne, ranka ya daɗe, nan ba su iya ba tukuna. A wannan yinin ne ake shata iyakar dandali da alli ko toka, kowa ya sake ƙirga takunsa, a tura mutum ɗaya can ƙarshen wuri ya ɗaga hannu duk lokacin da magana ta ɓace masa. A ranar ne ake gane cewa rana za ta faɗi a idon 'yan kallo, a juya dandalin. A ranar ne ake kai gaisuwa wurin hakimi ko dagaci, a gaya masa abin da wasan ya ƙunsa don kada ya ji a bakin wani, a tambayi lokacin da ake tayar da salla a masallacin kusa, a san gefen da mata za su zauna su gani ba tare da cunkoso ba. Kuma a samu mutum ɗaya wanda ba ya cikin wasan, aikinsa littafi: me aka loda, wa ke riƙe da rawanin sarki, wa zai maye gurbin wance idan gidansu suka hana ta tafiya. Abin da za a fara bukata shi ake lodawa a ƙarshe. Ƙaramar magana ce, amma a kanta an sha sauke mota gaba ɗaya ana neman waya.

Ina jin masu cewa maganin duk wannan shi ne a gina katafaren gidan wasa a Dutse. Ba na ƙin a gina. Amma babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu a Legas, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977, da babban zaurensa mai ɗaukar mutum 5,000, ya shafe shekaru masu yawa wannan zauren a rufe kafin a zo gyara shi. Gini yana jiran mutane su zo ne, mutanenmu kuwa suna Kiyawa da Jahun da Miga da Buji da Gwaram da Birnin Kudu. Babu ɗayansu da mota ba za ta je ta dawo a yini ba. Kowannensu yana da makarantar sakandare da filin ƙwallo da ƙofar fada. Da hukumar al'adu ta jiha da sassan ilimi na waɗannan ƙananan hukumomi za su ɗauki wasa ɗaya tak a shekara, bayan an kawar da amfanin gona kuma kafin sanyin hunturu ya tsananta, su zagaya da shi garuruwan nan bakwai har da Dutse, kowane gari kwana biyu, na farko gwaji na biyu wasa, da kafin a kai gari na bakwai an samu matasa ashirin da suka san wannan aiki da hannunsu. Su ne za a tura Jos ko Legas in lokacin ya zo.